Shaidar Ido a Fagen Bincike: Tarihin Kafa Hujja da Rayuwar Mai Nazari

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibi a kan al'adun Hausawa ya san matsalar da za mu tattauna a nan. Ɗalibi zai cika shafi biyar a kan wankan jego, ko kamun amarya, ko yadda gandu yake watsewa bayan rasuwar maigida, ba tare da ya ambaci wanda ya gaya masa ba. In aka tambaye shi madogararsa sai ya ce ai a gidansu ake yi, da idonsa ya gani. A nan ne malamai sukan rabu biyu. Wasu sukan soke shafukan, su ce ya tafi ya nemo littafi ko dattijo. Ɗalibin kuwa sai ya samo wani tsoho ya jingina masa maganar da shi kansa ya riga ya sani, ko ya rataya ta a wuyan wani Bature da bai fi shekara guda a garin ba. Wasu malaman kuma sukan karɓa ba tambaya, bisa hujjar cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wannan matsala a tarihi. Muna magana ne a kan bincike na bayani, wato wanda ba ƙidaya da alƙaluma ne ginshiƙinsa ba, irin wanda masana tarihi da al'ada da zamantakewa suka fi yi. Za mu duba yadda abin da mutum ya gani a rayuwarsa ya shiga cikin wannan irin bincike, mu fara da malaman ƙasar Hausa na ƙarni na 19, mu bi ta zamanin Turawa, sannan mu zo ga muhawarar da aka yi a jami'o'in Turai da Amurka. Ra'ayinmu shi ne rayuwar mai bincike hujja ce karɓaɓɓiya, amma matsayinta matsayin shaida ne, kuma wajibi ne a yi mata tambayoyin da ake yi wa kowane mai ba da shaida.

Malaman Ƙarni na 19

Manyan littattafai biyu da muke dogara da su wajen sanin jihadin 1804 duka waɗanda aka yi abin da su ne suka rubuta su. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. Dukansu sun halarci yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, kuma sun ga abin da ya biyo baya har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ke nan kafin wani masanin Turai ya yi tunanin ko ya halatta mai nazari ya sa kansa cikin nazarinsa, waɗannan malamai sun riga sun yi.

Abin lura game da Malam Abdullahi shi ne bai tsaya ga labarin fagen fama ba, har abin da ke cikin zuciyarsa ya rubuta. Ya faɗi yadda ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'a, yadda ransa ya ɓaci ya bar runduna wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, da yadda ya yada zango a Kano, inda ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami kafin ya komo. Masana tarihi sun daɗe suna kafa hujja da wannan ɓacin rai nasa wajen bayyana saɓanin da ya taso tsakanin manufar jihadi da halin wasu daga cikin waɗanda suka yi shi. Babu wata takardar mulki da za ta ba mu wannan bayani, domin abu ne da sai wanda yake ciki zai ji shi.

Abin da ya sa rubutunsu ya yi nauyi shi ne tarbiyyar ilmin da suka tashi a ciki. Malaman hadisi sun bambance tsakanin wanda ya ce ya ji da kunnensa da wanda ya ce an ba shi labari, kuma sukan binciki mai ruwaya ta fuska biyu: adalcinsa da kuma ƙarfin kiyayewarsa. Ibn Khaldun ma, a Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya lissafa abubuwan da ke sa ƙarya ta shiga labari, ya sa son ɓangare da yawan amincewa da masu kawo labari a sahun gaba. Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi domin ya faɗi malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, wato ya nuna wa mai karatu inda saninsa ya fito. Bello kuma ya sanya wasiƙun Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno cikin littafinsa, alhali suka ce ga ɓangarensa, sannan ya ba da amsa.

Duk da haka, shaidarsu tana da iyaka. Mafi yawan abin da muke karantawa game da yaƙin Gobir daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ya fito. Gaskiyar mutum ba ta hana ya kasance a gefe ɗaya na fili yake tsaye.

Lokacin da Rayuwarmu ta Zama Madogarar Wasu

Da Turawa suka fara sha'awar harshen Hausa da al'adun masu shi, sai aka sami wani sabon tsari: mai rayuwar daban, mai alƙalamin daban. Misali na farko shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya yi wa Heinrich Barth hidima, ya bi shi Ingila a 1855. A can ne J. F. Schön ya zauna da shi ya rubuta labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Schön harshe yake nema, domin nahawu da ƙamus da fassarar littattafan addininsa. Amma abin da ya fito daga bakin Dorugu ya zama ɗaya daga cikin shaidu ƙalilan da muke da su na yadda bauta take a idon yaron da aka kama.

Misali na biyu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Shi malami ne mai alƙalaminsa, kuma ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan sana'o'i da fatauci da zaman jama'a a ƙasar Hausa, da yawansu daga abin da ya gani a ƙuruciyarsa da yawon fataucinsa. Sai dai tambayoyin na Bajamushen ne, kuma an daɗe ana ambaton aikin da sunan wanda ya karɓa kafin a mai da hankali ga wanda ya rubuta.

Misali na uku, wanda ya fi shahara, shi ne na Baba ta Karo. M. G. Smith yana binciken tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, amma kasancewarsa namiji ba shi da hanyar shiga gidajen kulle. Matarsa Mary ce ta zauna da wannan tsohuwa a Giwa, ta rubuta labarinta, aka buga shi da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba a 1951. An haifi Baba a 1877, saboda haka ta ga zamanin hari da rinji, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba amma ta yi riƙon 'ya'ya. Daga bakinta aka ji yadda ƙawance da zaman kishi da yaye da bori suke a cikin gida, abubuwan da rahotannin Razdan da na Di'o ba su san da su ba.

Wannan littafi ya tabbatar da cewa rayuwar mutum ɗaya tana iya buɗe ƙofar da ƙidayar gidaje ɗari ba za ta buɗe ba. Amma ya kamata mu lura da abu biyu. Na farko, an gwada maganar Baba da abin da Smith ya tattara daga mazaje a wannan yanki, ba a bar ta ita kaɗai ba. Na biyu, Baba mace ɗaya ce, daga zuriyar Barebari manoma masu rinji, a kan iyakar Kano da Zazzau. Waɗanda suka riƙa ɗaukar labarinta a matsayin hoton kowace Bahaushiya daga Sakkwato har Damagaram sun ɗora mata kayan da ba ta ce za ta ɗauka ba.

Yadda Masanan Turai Suka Juyo Kan Kansu

Domin mu gane dalilin da ya sa aka yarda da rayuwar Baba a matsayin hujja, amma aka ƙi yarda da ta mai binciken kansa, sai mun leƙa inda aka tsara ƙa'idojin wannan fanni. A Jami'ar Chicago, W. I. Thomas da Florian Znaniecki sun fitar da babban aikinsu a kan manoman Poland da suka yi ƙaura zuwa Amurka, tsakanin 1918 da 1920, suka gina shi a kan wasiƙun iyali da tarihin rayuwar wani ɗan ƙaura da ya rubuta da hannunsa. A 1923 kuma Nels Anderson ya fitar da The Hobo, a kan 'yan ci-rani marasa matsuguni da ke bin jiragen ƙasa suna neman aiki. Shi kansa ya yi wannan rayuwa kafin ya shiga jami'a, amma bai bayyana haka a littafin ba sai a gabatarwar wani bugu na baya, domin a wancan zamani ana ganin kusanci da abin nazari aibi ne.

A fannin nazarin al'adu kuwa, Bronislaw Malinowski ne ya kafa sunnar zama cikin mutane da koyon harshensu, bayan zamansa a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Littafinsa na 1922 ya nuna mai bincike a matsayin mutum mai natsuwa da ke gani ba tare da son rai ba. Ya mutu a 1942. A 1967 aka buga littafin sirrinsa, wanda yake rubuta abin da ke ransa kullum a tsibiran, sai aka ga mutum mai kaɗaici da rashin lafiya da fushi, wanda a wurare da dama yake zagin mutanen da yake nazari. Wannan ya girgiza fannin ƙwarai. Tambayar da ta taso ita ce: in haka zuciyar mai kallo take, yaya za a auna abin da ya ce ya gani alhali ya ɓoye kansa daga mai karatu?

Daga nan aka fara juyowa. A 1979 David Hayano ya yi rubutu a kan masanan da ke nazarin jama'ar da su kansu 'yan cikinta ne, shi ma ya yi littafi a 1982 a kan 'yan cacar karta da ya daɗe yana zama da su. A 1986 littafin Writing Culture, wanda James Clifford da George Marcus suka shirya, ya jawo hankali ga cewa bayanin al'ada rubutu ne na wani mutum mai matsayi da manufa. A 1995 Carolyn Ellis ta fitar da littafi a kan jinyar abokin zamanta da mutuwarsa, ta mai da baƙin cikinta abin nazari. Wasu suka yaba, wasu suka ce wannan ya tashi daga bincike ya koma kallon kai a madubi. A 2006 Leon Anderson ya nemi tsaka-tsaki: mai bincike ya bayyana kansa, amma dole ya saurari wasu ban da kansa, kuma ya fitar da bayanin da ya wuce labarinsa.

Ɗan Gida ya Ɗauki Alƙalami

A Afirka wannan muhawara ta zo da wata fuska, domin a nan tambayar ta haɗu da ta mulki: wa ke da ikon faɗin yadda muke? A 1938 Jomo Kenyatta, wanda ya yi karatu a hannun Malinowski a Landan, ya fitar da Facing Mount Kenya a kan mutanensa Kikuyu, yana kafa hujja da cewa shi an yi masa abubuwan da yake bayani. Littafin nazari ne, kuma makami ne a rigimar ƙasar noma da Turawa suka ƙwace. Wannan ya ba shi ƙarfi, ya kuma sa ya nuna zaman Kikuyu na dā a matsayin mai jituwa fiye da yadda masana na baya suka samu. A 1939 aka buga labarin Tibi na Akiga Sai, wanda ya rubuta da harshensa, Rupert East ya fassara.

A ƙasar Hausa, Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma. A nan kallo ya juya, Bahaushe ne ke bayanin al'adun Turawa ga 'yan'uwansa. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1962, Neil Skinner kuma ya fitar da na Alhaji Mahmudu Ƙoƙi a 1977, malamin Kano da ya yi aikin ƙamus tare da Bargery. Da jami'o'inmu suka kafu, sai 'ya'yan ƙasa suka fara rubuta kundaye a kan garuruwansu. Yusufu Bala Usman, wanda ya yi nazarin tarihin Katsina, ya nuna cewa ko bayanin Barth, da ake ɗauka shaidar ido ce tsantsa, sai an tambayi inda ya sauka, da wa ya yi magana, da irin tunanin da ya zo da shi daga Turai. Abin da muke ƙarawa a nan shi ne tambayoyin da suka hau kan Barth sun hau kan ɗan Katsina ma in ya ce ya gani da idonsa.

Dalili kuwa shi ne ɗan gida yana da nasa makantar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne, amma wanda ya saba da ɗaki yakan daina jin warinsa. Abin da muka tashi muka tarar ba mu cika tambayar dalilinsa ba. Namiji da ya girma a gidan kulle ya bar cikin gida tun yana yaro, saboda haka saninsa na zaman mata sanin yaro ne. Ɗan sarauta da ɗan talaka na gari ɗaya ba haraji ɗaya suka gani ba. Kuma akwai kunya da kara, waɗanda ke hana mu rubuta abin da muka sani sarai game da asalin bauta a wasu gidaje, ko rikicin gado, ko bori a ɗakin kakanninmu.

Sharuɗɗan Karɓar Shaidar Kai

Daga wannan tarihi muna ganin za a iya fitar da sharuɗɗa biyar, waɗanda muke ba malamai shawarar su nema daga ɗalibi, su kuma nema daga kansu.

Na farko, ya rarrabe abin da ya gani, da abin da ya ji, da abin da ya ɗauka haka ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun karɓi shaidar ji a wasu al'amura, kamar nasaba da mutuwa da waƙafi, amma sun kira ta da sunanta, ba su gauraya ta da shaidar gani ba. Yawancin abin da muke cewa mun gani a ƙuruciya labari ne da aka yi ta maimaita mana har ya zame mana kamar gani.

Na biyu, ya faɗi matsayinsa: garinsu da unguwarsu, sana'ar gidansu, shekarunsa lokacin da abin ya faru, da kuma inda yake tsaye. Wanda ya ce haka Hausawa suke yi ya faɗi abin da ba shi da iko a kai. Wanda ya ce haka aka yi a gidan maƙera a gari kaza cikin shekara kaza ya ba mu abin da za mu iya aunawa.

Na uku, ya faɗi lokacin da ya rubuta. Tunawa ba ajiya ce da ake buɗewa a tarar da kaya yadda aka bar su ba. Kashegarin fashewar kumbon Challenger a 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibai sun rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Da aka sake tambayarsu bayan kusan shekara uku, da yawa suka ba da labari dabam, kuma suna da yaƙinin cewa daidai suke. Saboda haka abin da aka rubuta a ranar ya fi abin da aka tuno bayan shekara ashirin nauyi, kuma ya kamata a koya wa ɗalibai riƙe littafin rubutun yau da kullum tun ranar da suka fara bincike.

Na huɗu, ya gwada shaidarsa da ta wasu, musamman waɗanda abin ya shafa ta wata fuska. A shari'a ba a karɓar shaidar ɗa domin amfanin mahaifinsa, ba don ana zaton maƙaryaci ne ba, sai don an san halin zuciya. Wanda ke rubutu a kan gidansu ko ɗariƙarsu ko sarautar garinsu yana cikin wannan hali. In ya nemo kishiyar da aka saka, ko ɗan'uwan da ya fita daga gandu cikin fushi, ya kawo maganarsu kamar yadda Bello ya kawo ta al-Kanemi, shaidarsa ta ƙara ƙarfi.

Na biyar, ya kiyaye amana. Ba mai rayuwa shi kaɗai, duk wanda ya ba da labarin kansa ya ba da na uwarsa da matarsa da maƙwabcinsa, alhali ba su san ana rubuta su ba. Ellis da muka ambata ta taɓa rubuta littafi a 1986 a kan wasu masunta da ta zauna da su kamar 'yar gida. Da ta koma bayan an karanta musu abin da ta rubuta, ta tarar da su cikin fushi, ta kuma rubuta nadamarta daga baya. Baƙo yana iya tafiya ba ya komo. Mu kuwa a garin za mu yi sallar idi, a can za a nemi auren 'ya'yanmu, kuma sauya suna ba ya ɓoye mutum a unguwar da kowa ya san kowa. Neman izini da karanta wa mutane abin da aka rubuta kafin a buga shi wajibi ne.

Kammalawa

Mun ga cewa kafa hujja da abin da mutum ya gani tsohon abu ne a wurinmu, malaman ƙarni na 19 sun yi shi bisa ƙa'idojin ruwaya. Mun ga zamanin da rayuwar Dorugu da Alhaji Umaru da Baba ta zama madogarar littattafan wasu, da yadda masanan Turai suka ɗauki kusan rabin ƙarni kafin su yarda cewa mai kallo ma yana cikin abin da ake kallo. Idan muka koma ga ɗalibin da muka fara da shi, shawararmu ita ce kada a soke shafukansa, kada kuma a tura shi neman tsohon da zai ara wa baki, domin wannan koyar da ƙarya ne. A zaunar da shi a tambaye shi yaushe ya gani, yana ɗan shekara nawa, a gidan wa, wa kuma ya gani tare da shi, kuma ko mutanen gidan sun san zai rubuta. In ya amsa, sai ya rubuta amsoshin a cikin kundin, ya sa sunansa a jerin waɗanda suka ba da bayani. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a shigar da waɗannan sharuɗɗa cikin darasin dabarun bincike a sassanmu.